Kafin Ku Ce a Sauke Kore da Fari

A ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da taken ƙasa na 1960, aka jingine wanda ake rerawa tun 1978. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin ranar 23 ga watan, ta Dattawa ta bi sahu ranar 28, washegari ya zama doka. Shi kansa Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, da ya halarci zaman sauraron ra'ayin jama'a, sai da ya ja hankali cewa abu irin wannan yana bukatar a faɗaɗa shawara. Ba a tsaya ba. Malaman firamare a nan Wudil, kamar na ko'ina, suka koma rubuta baitoci a allo suna hadda tare da ɗalibansu, don yawancinsu ba a ma haife su ba lokacin da aka daina rera shi. Duk wannan kuwa a watan da hauhawar farashi ta haura kashi 33 cikin ɗari.

Tun daga nan maganar tuta ta daina zama zancen raha. Idan take ya tafi cikin mako guda, me zai hana tuta bin bayansa? Ina jin ku, 'ya'yana, kuna ta kai-kawo a kan wannan a teburin mai shayi kusa da jami'a, da cikin motar Kano, da a Facebook. Wani ya ce tutar nan ba ta da armashi, ƙyalle ne kawai kala biyu, ko tauraro babu. Wani ya ce tun zamanin Turawa aka zaɓe ta. Wani kuma ya ce kore wai noma ne, alhali da kuɗin fetur ake raba kasafi, fari wai zaman lafiya ne, alhali mutum ba ya iya bin hanyar Birnin Gwari da dare hankali kwance, saboda haka tutar ƙarya take yi. Ba zan ce ku yi shiru ba. Ɗan ƙasa yana da haƙƙin ya tambayi duk abin da aka ɗaga a kansa. Abin da nake so shi ne idan za ku yi gardamar, ku yi ta da sani.

Mu fara da inda tutar ta fito. Daga 1914 zuwa 1960, abin da ake kira tutar Najeriya shuɗin ƙyalle ne, tutar Ingila a kusurwarsa, ga jan da'ira ɗauke da koren tauraro mai tsini shida da kambin sarautar Ingila a tsakiya. Ku tambayi kakanninku su ba ku labarin anini da kwabo mai huji, irin wannan tauraron ne a jikinsu. Da 'yanci ya ƙarato sai aka buɗe gasa, aka samu zane-zane dubbai. Wanda ya yi nasara a 1959 wani ɗalibi ne mai suna Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatun fasaha a Landan, shekarunsa 23, sa'an da yawanku ke nan. An ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana mai haskoki a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta. Ranar 1 ga Oktoban 1960 aka sauke ta Ingila a Legas aka ɗaga wannan. To, mai cewa Bature ne ya zana mana tuta ya gyara zancensa. Tsohon taken da aka dawo da shi, shi ne wanda Baturiya, Lillian Jean Williams, ta rubuta.

Cire ranar nan da alƙalai suka yi shi ne abin da na fi daɗewa ina tunani a kai. Kuna ganin rashin ado a jikin tutar kamar nakasu ne, ni kuwa a wurina nan hikimarta take. Ku zauna ku ce yau za a ƙara mata abu ɗaya. Me za a ƙara? A sa jinjirin wata, rabin ƙasa ya tashi. A sa gicciye, ɗaya rabin ya tashi. A sa dagin Arewa, Ibadan da Inugu su ce an mai da su 'yan haya. A mayar da rana, sai a tuna cewa rabin rana ce a tutar Biyafara ta yaƙin 1967, wanda ya ci rayuka sama da miliyan. Duk alamar da kuka ɗauko, tana da mai ita, kuma wanda ba tasa ba ce zai ji an ware shi. Kore da fari ba na kowa ba ne, shi ya sa kowa ke iya tsayawa a ƙarƙashinsu. Ku leƙa Makarantar Horar da 'Yan Sanda da ke garin nan ranar faretin yaye ɗalibai: ɗan Bayelsa, ɗan Ebonyi, ɗan Yobe, ɗan Kano, duk suna sara wa abu ɗaya, babu wanda aka tilasta wa sara wa alamar addinin wani ko ta ƙabilar wani.

Idan kuna shakka, ku tuna rigimar ajami a jikin naira. A 2007 aka cire shi daga ƙananan takardu, naira 5 zuwa 50. A 2014 aka fito da sabuwar naira 100 babu shi. Har kotu an je a Legas ana neman a goge wanda ya rage, wai Larabci ne, alhali Hausa ce tsagwaronta, adadin kuɗin kawai aka rubuta don wanda bai yi boko ba. Kalma biyu a gefen takarda ta jawo wannan ɗaci. Ƙasar da take haka ce za a buɗe wa ƙofar zana tuta daga farko?

Amma fa kada ku ɗauka ina cewa tuta wahayi ce. Mutum ne ya zana ta, mutane za su iya sauke ta, kuma akwai inda sauke ta ya zama wajibi. Afirka ta Kudu ta yi amfani da tutar 1928 har ƙarshen mulkin wariyar launin fata. Baƙar fata ba ya kallonta ya ga komai sai takardar izinin shiga gari da harsashin Sharpeville da Soweto. Ranar 27 ga Afrilun 1994, ranar zaɓen da ya kawo Mandela, aka ɗaga sabuwa wadda Frederick Brownell ya zana cikin gaggawa a matsayin ta wucin gadi, jama'a suka rungume ta, aka tabbatar da ita a tsarin mulkin 1996. Ruwanda ta sauya tata a 2001, saboda tsohuwar ta haɗu a zukatan mutane da kisan ƙare-dangin 1994. Mu ma abin da muka yi ke nan a 1960. A duk waɗannan, ita kanta tutar ce ke fama wa wani ɓangare na 'yan ƙasa ciwo, kuma abin da take wakilta ya riga ya faɗi kafin a sauke ta. Sauyin ƙasa ne ya fara zuwa, ƙyalle ya biyo baya.

Akwai kuma masu juya abin. A 2010 Shugaba Bingu wa Mutharika na Malawi ya cire jar rana mai ɓullowa daga tutar ƙasarsa ya sa cikakkiyar farar rana, wai ƙasa ta wuce matakin hudowa, ta ci gaba. Ba a daɗe ba aka shiga layin mai da ƙarancin kuɗin waje. Ya rasu a Afrilun 2012, kafin ƙarshen Mayu majalisa ta dawo da tsohuwar. Nkrumah ma a 1964 ya mai da ruwan ɗorawar tutar Ghana fari don ta dace da launin jam'iyyarsa, da aka kifar da shi a 1966 aka mai da ita yadda Theodosia Okoh ta zana ta.

Ba sai mun ƙetara teku ba ma, mu a Wudil mun ga irin wannan a ƙofar gida. A 2019 gwamnatin Ganduje ta raba masarautar Kano gida biyar, Wudil ta faɗa ƙarƙashin Gaya. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar. Allunan da aka kafa aka tumɓuke, takardu masu tambari suka zama na ƙunshe ƙosai. Jami'ar Northwest da aka buɗe a 2012 ta koma Yusuf Maitama Sule a 2017, ta sake komawa Northwest bayan shekara bakwai. Jami'armu ta kimiyya da fasaha, wadda ta fara aiki a 2001, an sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Ban ce bai cancanta ba, amma har gobe in ka tsayar da ɗan adaidaita ka ce KUST, tsohon sunanta, ba zai tambaye ka ina ne ba. Abin da hukuma ta sauya da alƙalami ba tare da jin ta bakin jama'a ba, ko dai bakin jama'a ya ƙi karɓa, ko hukuma ta gaba ta soke da nata alƙalamin. Idan aka fara yi wa tutar ƙasa haka, kowane shugaba zai zo da telansa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Mu Hausawa ba baƙin tuta ba ne. Tun kafin Lugga ya taka ƙasar nan mun san ta, kuma mun san ba a ɗinka wa kai. Ba da ita ake yi. Bayan 1804, malamai sun riƙa zuwa wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suna karɓar tuta: Malam Musa ya nufi Zazzau, Ummarun Dallaje Katsina, Yakubu Bauchi, Buba Yero Gombe, Modibbo Adama Fombina. Kano ma ta karɓi tata, kuma cikin jagororin da suka yi aikin a nan har da Malam Bakatsine na Joɓawa, gidan da sarautar Makaman Kano ta zauna, wadda ƙasar Wudil ta daɗe a hannunta. Wanda ya karɓi tuta ya san hannun da ya miƙo masa, ya san sharuɗɗan da aka gindaya masa, ya san inda za a kai ƙararsa idan ya yi zalunci. Mai bayarwa shi ma ya ɗauki nauyin wanda ya ba. A Burmi, a Yulin 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru sun faɗi a kewayen tutarsa, shi ma a nan ya yi shahada tare da su. Turawa suka ɗauke tutar, ba ta koma Sakkwato ba sai 1960, aka miƙa wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Ku riƙe wannan a zuciya, sannan ku tuna Agustan 2024. Yunwa ce ta fitar da mutane titi, kuma yunwar gaskiya ce. An cire tallafin mai, naira ta faɗi, kwanon masara ya gagari magidanci. Ban ga laifin wanda ya fito ya ce yana jin yunwa ba. Amma cikin kwanakin sai ga yara a titunan Kano da Kaduna da Katsina riƙe da fari da shuɗi da ja, tutar Rasha, irin yadda aka gani a Yamai bayan juyin mulkin Yulin 2023. Teloli suka samu kasuwa: a yanko yadi uku, a haɗa a keke, a soka a karan dawa ko sandar tsintsiya. Da yawa cikin masu ɗagawa ba za su iya nuna Rasha a taswira ba. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce cin amanar ƙasa ne. Aka kama teloli, aka kwashi matasa zuwa Abuja. Ofishin jakadancin Rasha kuwa ya fito ya ce babu ruwansa.

Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, da yawansu ƙananan yara, bayan kusan wata uku a tsare. Kun ga hotunan. Haƙarƙari a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowane. Abin kunya ne ga hukuma, kuma surutun da duniya ta yi ne ya sa shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su cikin 'yan kwanaki. Ba na wanke wanda ya tsare yaro da yunwa. Amma ku da nake wa magana ba ku ne hukuma ba, ku ne waɗanda ake miƙa wa sanda. Mai tutar da suka ɗaga bai aiko musu da lauya ba, bai aiko da ko ledar ruwa ba. Kuma tun ranar da tutar ta bayyana, aka daina zancen farashin masara aka koma zancen wa ya ɗauki nauyin wa. Masu mulki sun samu abin fakewa, kukan talaka ya bi iska. Da kore da fari suka riƙe, da babu mai iya ce musu 'yan koren wata ƙasa, domin mai riƙe da tutar ƙasarsa yana cewa ne ƙasar nan tawa ce, ku ba ni haƙƙina. Saboda haka duk wanda ya miƙo muku ƙyalle, na ƙasar waje ne, na jam'iyya ne, ko na wata ƙungiya mai kiran kanta ta addini, ku dube shi ido cikin ido ku tambaye shi: wa ya aiko ka, kuma ranar da aka kama ni kana ina? Mutanen Gwoza sun ga baƙar tuta a 2014, a tambaye su abin da ta kawo musu.

Mai cewa tutar ƙarya take yi, ina da 'yar magana da shi. Ka je kara, kasuwar shanun garin nan, ranar Juma'a ka tsaya a inda ake lodi. Ka ga tireloli a jere, ana tura bijimai suna hawa, dillalai suna tafa hannu, an ɗaure ƙaho da igiya, motoci sun ɗau hanyar Legas da Fatakwal da Onica. Ka gangara bakin kogi ka ga masunta da masu noman rani. Koren nan ba ƙarya ba ne, mu ne shi. Abin da ke ƙarya shi ne yadda ake riƙe da manomin: taki ya yi tsada, hanya ta lalace, direban tirela yana biyan na goro a shinge bayan shinge kafin ya kai kudu. Ka sauya launin ƙyallen da ke rataye a shingen, mai karɓar na goron ba zai rage ko sisi ba. Fari kuma alkawari ne da ba a cika ba. Wanda ake bi bashi, in ya yaga takardar yarjejeniya, ai ba biya ya yi ba, shaidar ya ɓatar. Ni na fi son farin nan ya zauna a inda yake, kullum yana tuna wa masu mulki abin da ake bin su.

Akwai wata firamare da nake wucewa ta gabanta, ba zan faɗi sunanta ba. Tutarta rana ta cinye ta, koren ya koma kalar toka, farin ya yi jajawur da ƙura, bakin ya zare, igiyar an ƙulla ta da tsumma a wuri biyu. Akwai doka tun 1960 da ta haramta ɗaga tuta a irin wannan hali, tarar da ke rubuce kuwa naira 100 ce, kuɗin da yau ba ya sayen ƙwai ɗaya. A bayan sandar tutar akwai aji da yara ke zaune a ƙasa, rufin ya yaye. In an kawo sabon zane, wannan makaranta za ta samu sabon ƙyalle, ya koɗe cikin damina biyu, yaran suna nan a ƙasa. Ku lissafa kuma: kowace makaranta, kowane bariki, kowace kotu, ofisoshin jakadanci, kakin soja da na 'yan sanda, jiragen sama, littattafan karatu. Duk kwangila ce. Kun ga sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, kun ga yadda a farkon 2023 mai saniya ya kasa sayarwa, mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa. A ƙasar nan idan aka ce za a sabunta abu, tambayar farko ita ce wa zai ci, wa zai biya.

Shi kansa mai zanen tutar bai tsira daga wannan halin namu ba. Akinkunmi ya yi aikin gwamnati a Ibadan ya yi ritaya, aka manta da shi shekara da shekaru, sai a 2014 Shugaba Jonathan ya ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya rasu ranar 29 ga Agustan 2023 yana da shekara 87. Iyalansa suka zauna jiran jana'izar ƙasa da aka yi musu alkawari, gawa tana ajiye har shekara ta zagayo, sai a Satumbar 2024 aka binne shi. A tsakanin nan ne aka samu sukunin sauya taken ƙasa cikin mako guda.

Idan duk da haka wasunku sun ce su dai suna ganin a sauya, to madalla, ku kafa hujja, kuma ku dage a bi hanyar da ta dace. New Zealand ta yi wannan gardama a 2015 da 2016. An karɓi zane sama da 10,000 daga jama'a, aka yi ƙuri'ar raba gardama sau biyu, aka ware kimanin dalar ƙasar miliyan 26, a ƙarshe kusan kashi 57 cikin ɗari suka ce a bar musu tsohuwar. Firaminista John Key, wanda shi ne ya fi kowa son sauyin, ya karɓi kaye. Kanada kuwa ta shafe watanni tana ce-ce-ku-ce a majalisa a 1964, aka fito da tutar ganye a Fabrairun 1965, yau babu mai neman a koma baya. Ɗaya ta sauya, ɗaya ta ƙi, amma duka biyun sun zauna lafiya da abin da suka yanke, don an bar kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.

Mu a nan, sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da take, amma abin da ya faru a Mayun 2024 ya nuna cewa 'yan majalisa za su iya sauya abin da ake girmamawar ba tare da an tambaye ku ba. Saboda haka ranar da kuka ji an gabatar da ƙudurin tuta, kada ku tsaya zagi a waya. Akwai mai wakiltar Wudil da Garko a Majalisar Wakilai, akwai sanatan Kano ta Kudu. Ku haɗu, ƙungiyar ɗalibai da ta teloli da ta 'yan kara, ku rubuta takarda da sa hannunku, ku nemi a faɗa muku wanne ɓangare na 'yan ƙasa tutar yanzu ta cuta, nawa za a kashe, daga wane aljihu, kuma a wace rana za a zo Wudil a saurare ku kafin a kaɗa ƙuri'a.